Motar da Baba Ya Fi Tsawo

Sana'ata yadi ce. A shekarun da ake ta maganar mulkin kai, Turawa suna haɗa kayansu ɗaya bayan ɗaya, ina da rumfa a Tudun Wada, amma rabin cinikina a kasuwannin ƙauye nake yin sa. Keke ne abin hawana. In ɗaure bandir uku ko huɗu a baya, akoko da alawayyo da 'yan turamen atamfa, in kama hanya ina haki, in dawo da yamma cinyoyina suna rawa. Na iya tuƙi tun lokacin da na yi shekara biyu ina bin masu sayen auduga, har lasin ina da shi a ƙasan akwati, amma ban taɓa sa mota a raina da gaske ba. Kallo nake yi in wuce.

Baba ne ya sa na fara nemanta, ko da yake shi bai san ina nema ba.

Mahaifina malami ne, kuma dogo ne ƙwarai, irin tsawon da duk ƙofar da ya zo sai ya sunkuya. Waɗanda suka yi karatu a wurinsa tuni suka girma suka zama limamai a ƙauyukan da ke kewaye da Zariya. Kowace shekara, da an yanke gero, sai ya ɗaura wa goɗiyarsa sirdi ya bi su ɗaya-ɗaya, kwana biyu nan, kwana uku can, a buɗe littafi a ɗora daga inda aka tsaya bara. Tun kafin a haife ni yake wannan zagaye. In ya dawo, ya yi baƙi ya rame, amma sai ka ji muryarsa tun daga bakin titi.

A daminar shekarar nan zazzaɓi ya kwantar da shi kusan wata guda. Ya tashi, amma ƙafafunsa ba su tashi tare da shi ba. Gwiwoyin suka sandare, ba sa lanƙwashewa sai da azaba. Yana iya zama in an jingina shi da bango, ƙafafu a miƙe, amma tsayuwa da tafiya sun ƙare. Ni nake ɗaukarsa in kai shi bayan gida in dawo da shi, safe da yamma, don bai yarda kowa ya taɓa shi ba sai ni. Ranar da ya sa aka ba da goɗiyar kyauta, daga ranar ya juya fuskarsa bango. Tuwo ya koma loma biyu. Baƙi su yi sallama, ya ce a ce musu yana barci. Mai magani ya duba shi ya ce ciwon ya tsaya a ƙafa, bai hau sama ba, amma ni ina ganin mutumin yana ƙarewa a gabana kullum, kuma tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba.

Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na ce masa ko za a nemi babbar mota ta kai shi ko da gari ɗaya ne. Bai juyo ba.

"Ba za a ɗauke ni kamar buhun dawa a shiga da ni gidan wani ba," ya ce, "matan gida suna leƙe ta katanga. In na so kewayawa fa? A tara gari?"

Maganar ta zauna mini. Ashe ba tafiyar yake gudu ba, kwana a ɗakin wani yake gudu. Bayan 'yan kwanaki na ga motar wani Baturen safiyo a tsaye kusa da tashar jirgi, ƙofar baya a buɗe, ga gado a ciki, ga labule, har da 'yar fitila a rataye. Na daɗe a tsaye da kekena ina kallo har direban ya fara harara ta. Na ce a raina, in da mutum zai tafi da ɗakinsa, ai ba shi da sauran kwana a ɗakin kowa. In na samu irin motar nan, ranakun kasuwa ta ɗauki yadi, lokacin zagaye ta ɗauki Baba.

Akwai wani bakanike a Kwangila, abokina ne tun muna bin motocin auduga. Mutum ne mai baki, ba ya iya faɗin magana ba tare da ya sa mata yaji ba, amma in ya saurari inji ya ce maka lafiya, to lafiya ce. Na gaya masa abin da nake so da iyakar ƙarfina. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce in dawo Litinin.

Da na koma, motoci biyu ya nuna mini. "Su kaɗai aljihunka zai iya ɗauka," ya ce, "ko su ma sai ka rabu da kekenka."

Ta farko akori-kura ce mai rufaffen baya, koriya, 'yar gajeriya. Ta wani Bature ce da zai hau jirgin Ikko ranar Juma'a, yana neman wanda zai karɓa kafin ya tafi. Bakanike ya tayar da ita, na sa tafin hannu a kan bonet ban ji ko karkarwa ba. Ta biyu doguwa ce, ta wani Kwara, cikin Larabawan nan 'yan kasuwa, mai sayen fata, kuma tun daga nesa hancinka zai gaya maka abin da ta yi shekaru tana ɗauka. Sai da aka tura ta kafin ta tashi, ta yi tari, ta tofar da hayaƙi, lagireto yana ɗiga a ƙasa.

"Wannan doguwar," in ji bakanike, "in ta kai ka Hunƙuyi ta dawo da kai, ka yi sadaka."

Na leƙa cikin koriyar, raina ya kwanta da ita, amma idona bai kwanta ba. Mai yadi ba ya rasa ido. Na ce masa ina jin ta yi gajarta, kuma tsohona ba ya iya lanƙwashe ƙafa.

"To nawa ne tsawon nasa?"

Ni da mutum zai tsaya a bakin rumfata in dube shi sau ɗaya in faɗi yadin da zai ishe shi riga da wando, ban san tsawon ubana ba. Wa yake tsayawa ya ƙare wa mahaifinsa kallo daga sama har ƙasa?

"Dogo ne," na ce.

"Duk Zariya an san dogo ne, mai yadi. Nawa? Je ka auno. Kuma ka yi sauri, akwai wani akawu da ke zagaya koriyar nan tun jiya."

Na hau keke na dawo gida, tunani ɗaya a kaina. Ba zan iya ce wa Baba ya miƙe in auna shi ba. Ko bakina ba zai ɗauki maganar ba, balle in ya tambaye ni dalili ya ce a'a, shi ke nan magana ta mutu. Na iso bayan azahar, na tarar yana barcin rana, a rigingine, ƙafafu a miƙe kamar yadda ciwon ya bar su. Inna, mahaifiyata, tana madafa. Sandar awon yadina tana rumfa, kuma ko tana nan gajera ce, sai an ɗaga an sake ajiyewa, motsin zai tashe shi. Sai idona ya faɗa kan darnin da ya raba tsakar gida da wurin awaki. Na zare kara guda, dogo, miƙaƙƙe. Na tuɓe takalmi na shiga a hankali, na shimfiɗa shi a gefensa daga diddige zuwa tsakar ka, na danna farce na yi alama. Na fito na sa wuƙa na datse shi daidai wurin.

Har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. A garinmu in mutum ya cika, da kara ake auna shi, wani ya ɗauka ya ruga maƙabarta ya miƙa wa masu haƙa. Yaro ma ya san wannan. Ni kuwa da nake yanka wa mutane alawayyon likkafani kusan kowane mako, ni da na sha kai karan da hannuna, ko kusa abin bai zo mini ba. Mota ce cike da kaina.

Na fito ta zaure da karan a hannu, fuska a murtuke, na haye keke. A gindin ɗurumin da ke ƙofar gidanmu akwai wani wanzami da ke zama, mutumin kirki, sai dai labari ba ya kwana a bakinsa. Na ji ya ce wani abu, ban tsaya ba, na ɗaga masa hannu kawai na taka da ƙarfi.

A Kwangila muka zura karan cikin koriyar. Ya tokare bayan kujera, ɗani guda ya rage a waje, ƙofa ta ƙi rufuwa. Muka karkata shi ta kusurwa, bai shiga ba. Muka kai shi doguwar, ya shige har da sauran wurin ajiye buta. Na tsaya tsakanin motocin biyu. In na ɗauki doguwar, ina ganin mu a tsakiyar daji, inji ya mutu, rana tana dukan kwano, ga tsoho ba ya iya taka ƙasa. In na ɗauki gajeriyar, sai an naɗe masa ƙafa, wanda kuwa ya taɓa jin ƙarar da yake yi in gwiwar ta motsa ba zai so ya sake ji ba.

Bakanike ya zagaya koriyar yana susar ƙeya. Ya buɗe ƙofar hagu ya tsuguna.

"Kana da wanda za ka riƙa ɗauka a gaba?"

Na ce babu.

"To me kujerar nan take yi? Noti huɗu ne."

Ya kwance ta ya ajiye a ƙasa. Muka sake zura karan, ya wuce ta gefen giya har ƙarƙashin gilashin gaba, ƙofar baya ta rufu, da saura yatsa huɗu. Ya ɗauki ƙusa ya karce alamar kai da ta ƙafa a kan daɓen motar. Na yi ajiyar zuciya irin wadda na daɗe ban yi ba. Na ce ya riƙe mini ita zuwa Juma'a da safe, na kamo hanyar gida, karan yana hannuna, har ina 'yar waƙa.

Tun daga kwanar layinmu na hango tabarmi. An shimfiɗa su daga gindin ɗurumi har bakin zaure, maza zaune a jere, kawuna a sunkuye, ga takalma birjik. Daga cikin gida kuma ina jin salatin mata. Ban san yadda na sauka daga keken ba, na dai ji ƙararsa a ƙasa. Abin da ya zo mini kawai shi ne na bar shi yana barci, ashe ba barci ba ne, na tsaya a kansa ina awo ban ko duba ko yana numfashi ba. Limamin unguwarmu ya taso ya kama hannuna ya ce, "Sai haƙuri, Allah ya jiƙan Malam. An gama haƙan ne?" Ban fahimci tambayar ba. Na fizge hannuna na ruga ciki.

Inna na tarar a tsakar gida, muciya a hannu, matan maƙwabta sun kewaye ta, tana ta faɗin, "Wa ya mutu? Ku gaya mini, wa ya mutu?" Na ratsa su na ɗaga labulen ɗakin Baba.

Yana zaune. Ya ja jikinsa da kansa ya jingina da bango, abin da ya yi wata biyu bai yi ba. Idonsa biyu, kuma a buɗe sosai. Ya dube ni, sannan ya dubi abin da ke hannuna, ya daɗe yana dubansa. Sai a lokacin na gane abin da na riƙo, da abin da wanzami ya gani, da abin da Baba ya farka ya ji ana yi a ƙofar ɗakinsa. Inna ce ta shigo ta bayana, ta fizge karan, ta karya shi a gwiwarta gida uku, ta je ta cusa a murhu.

Mutane suka watse, wasu suna istigfari, wasu suna toshe baki da hannun riga. Liman ya yi mini faɗan da ba a yi mini irinsa ba tun ina yaro. Wanzami ya zo yana rantse-rantse cewa ya tambaye ni, "Malam ne?" na ɗaga masa hannu. Na so in shaƙe shi, amma da wane baki zan yi magana?

Talata da Laraba na ɗauki Baba na kai shi na dawo da shi kamar kullum, hannunsa a wuyana, numfashinsa a kunnena, bai ce mini ko sannu ba. Tuwon ma da yake loma biyu ya koma ba ya taɓawa. Na riƙa zama a rumfa ina yanka wa mutane yadi ba daidai ba. Na je neman abin da zai tashe shi, na dawo na nuna masa cewa ɗansa ya riga ya shirya masa rami.

Laraba da la'asar sai ga wani dattijo ya iso ƙofar gida da ƙafa, gemu fari, ƙafafu sun kumbura, yana kuka kamar yaro. Limamin wani ƙauye ne daga cikin ɗaliban Baba na farko. 'Yan kasuwa sun kai musu labarin rasuwa, amma ba wanda ya koma ya kai musu gyara. Tun fitowar rana yake tafe. Da na ce masa Malam yana nan da ransa, bai jira an yi masa iso ba, ya ture ni ya faɗa ɗakin. Na tsaya a bakin labule. Na ji yana kuka yana dariya yana salati duk a haɗe. Can sai na ji muryar Baba.

"Ka makara. Da da gaske ne, da ka rasa sallar jana'izar."

Dattijon ya ce, tun da Allah ya bar musu shi, su fa suna nan inda ya bar su bara, a tsakiyar babin rabon gado, ba wanda ya iya ɗora musu. Baba ya ce su nemi wani. Da haka baƙon ya fito.

Alhamis da hantsi ya sa Inna ta kira ni. Na durƙusa daga wajen ƙafafunsa.

"Ka gaji ne?" ya ce.

"Da me, Baba?"

"Da ɗauka da ajiyewa."

Ina da mata da 'ya'ya uku a lokacin, amma kuka na fashe da shi. Na gaya masa komai, motar Baturen safiyo, koriya da doguwa, kujerar da aka cire. Na ce ɗaki nake so in yi masa mai tafiya, da labule, da butarsa, da abin kewayawa a ciki, ba wanda zai ɗauke shi sai ni, ba wanda zai gan shi sai lokacin da ya so. Ya bar ni na gama.

"Ka tambaye ni?"

"Na ji nauyi, Baba."

"Ka ji nauyin tambaya, ba ka ji nauyin awo ba."

Ya rufe ido ya ce in tafi. Bai ce in saya ba, bai ce in bari ba, ga shi gobe Juma'a.

Na saya. Na tura kekena har Kwangila na bar shi can, na dawo da mota mai kujera ɗaya. In ya ƙi shiga fa? Na shigo Tudun Wada a giya ta ɗaya, yara suna bina da gudu, ni kuwa ko murmushi na kasa.

Wani kafinta a Tudun Jukun ya yi mini aikin cikin. Ya bi alamar ƙusar nan ya haɗa dogon akwati na katako daga ƙofar baya har gaba, samansa gado, cikinsa ma'ajin yadi. Ni na so kan gadon ya kasance a gaba, kusa da ni, don in riƙa ganin fuskarsa. Inna ta fito da lulluɓi ta leƙa ta ce ba ta yarda ba.

"Kai kana kan kujera, kan ubanka yana gefen cinyarka? A gidan wa ka taɓa gani? Ɗa a wajen ƙafa yake zama."

Aka juya. Kai a baya, da matashi biyu, ƙafafu a gaba. Na yanki yadi mai kauri daga rumfata aka ɗinka labule, aka kafa ƙusoshin rataya gidan sauro, aka yi wa buta da kasko ɗan gurbi don kada su yi yawo. Bakanike ya huda kwanon gefe ya sa 'yar taga saboda iska, yana yi yana cewa bai taɓa ganin wanda ya sayi lafiyayyiyar mota ya kawo a ɓata masa ita ba.

Mako uku ina kai ta kasuwa. Ta kuwa yi mini aiki, ban taɓa tura ta ba, kuma abin da keke yake ɗauka sau huɗu ita sau ɗaya take kwashewa. Amma duk lokacin da na waiga sai in ga gadon nan ba kowa. 'Yan unguwa kuma, tun da labarin kara ya riga ya zaga, suka sa mata suna makara mai taya. In na wuce majalisa sai in ji an ce, "Allah ya jiƙan musulmi," a bushe da dariya. Da wani lokaci ne da na tsaya mun yi ta, don ni ma ba kanwar lasa ba ne a wajen tsiya, amma sai in taka mai in wuce, ina addu'ar kada sunan ya shiga kunnen Baba. An yanke gero. An fara ɗaure dammuna. Shi kuwa ko sau ɗaya bai tambayi motar ba.

Wata Asabar da safe ina ɗora kaya, Inna ta fito ta ce in sauke.

"Ya ce ka kawo ta bakin zaure, ya ga abin da ka ɓatar da dukiyarka a kai."

Na matso da ita har bayanta ya kusa taɓa ginin, don kada na gindin ɗurumi su ga komai. Inna ta shiga ta gyara shimfiɗa da kanta. Na ɗauko shi, ya yi sauƙi a hannuna har abin ya ba ni tsoro, na kwantar da shi a hankali, na miƙe masa ƙafafu. Ya dubi rufin, ya taɓa labulen, ya murza yadin tsakanin yatsunsa. Na tsaya ina jiran ya ce in mayar da shi.

"To, ja mu gani."

Bai ce ina ba, ni kuma na ji tsoron tambaya. Na rufe ƙofa na zaga na zauna. Daga inda nake ba na ganin komai nasa sai ƙafafu biyu a gefen giya, dogaye, fatar ta yi fari-fari. Na ja a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Muka bar gidajen Tudun Wada, muka haye gada, na rasa inda zan nufa, sai na kama hanyar garin dattijon nan da ya zo da ƙafa.

Damina ta cinye hanyar. Duk ramin da taya ta faɗa sai in ga yatsun ƙafarsa sun ƙanƙame, in ji abin har cikin haƙorana. Ido ɗaya a hanya, ɗaya a kan yatsun nan. Bai yi ƙara ba, bai yi magana ba. Muka yi tafiya mai nisa a haka, gonakin dawa dama da hagu, har na lura yatsun sun daina motsi. Muka faɗa wani rami babba, ba su ƙanƙame ba.

"Baba?"

Shiru, sai ƙarar inji.

"Baba?"

Na fara lissafin nisan da ke tsakaninmu da gida, da abin da zan ce wa Inna, da yadda zan shiga unguwa da shi a cikin motar da suka riga suka raɗa wa suna. Na ɗaga ƙafa zan taka birki.

"Ka wuce."

Na taka birkin da ƙarfi har buta ta yi tsalle a gurbinta. Na juya. Ya dogara da gwiwar hannu, ya ɗaga labulen 'yar tagar da yatsa ɗaya, ransa a ɓace.

"Ka wuce hanyar. Ba ka ga rimaye biyun nan ba? A tsakaninsu ake shiga. Shekara nawa kana yawon kasuwa ba ka san hanya ba?"

Na ce ya yi haƙuri. Ban taɓa jin daɗin faɗa kamar na ranar ba. Na yi baya-baya, na karya kan mota na shiga tsakanin rimayen, shi kuma daga baya yana ta ba da umarni, bi dama, kauce wa fadamar nan, akwai kututture a gaba. Da rufin ɗakunan garin suka fara bayyana ta saman dawa, ya ce in tsaya.

"Zo ka tashe ni zaune. Ba zan shiga garin mutane a kwance ba."

Na zaga na buɗe ƙofar baya, na jingina shi da matasan. Ya ce in sa hannu a ƙarƙashin shimfiɗa ta wajen kai. Na laluba na jawo ƙunshi, ɗaurin Inna ne, na san shi. A ciki akwai farar rigarsa, da gafakar littafinsa, da rawani.

Na sa masa rigar. Na warware rawanin na fara naɗa masa, na yi zagaye ɗaya ya zame, na sake ya karkace. Daga cikin gari an riga an hango mota, na ga mutane sun fara fitowa bakin hanya suna sa hannu a goshi. Baba ya buge mini hannu.

"Ba ni nan, kai dai yadi ka iya sayarwa," ya ce, ya karɓa ya naɗa da kansa.